Ruwan Garau Yake, Amma Wa Ya Gwada Shi?

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a garin nan ya san jerin tambayoyin. Nawa ne a shekara? Ana kawo wuta a layin nan? Mai gidan yana da fitina? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa? Sai can a ƙarshe, kana shirin zaro kuɗi, ka tuna ka ce, "Baba, ruwa fa?" Sai a nuna maka rijiya a tsakar gida, ko a ce akwai burtsatse a bayan layi, ko a ce 'yan garuwa ba sa yankewa. Idan kai mai bin diddigi ne ka zura guga, ka jawo, ka leƙa, ka hango gindin gugan. Baba ya ce, "Ka gani ko, yaro? Garau yake. Shekara 20 muna sha." Shi ke nan, an gama gwaji.

Ni ɗalibin SLT ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma maganar da ta kawo ni wannan shafi guda ɗaya ce. Da yawa daga cikin abubuwan da ke kwantar da mutane ko su kashe su a gidaje irin waɗanda muke haya ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ido ba ya kama su, hanci ba ya jin su. Kuma a ganina abin kunya ne a ce garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha, mai ɗakunan gwaje-gwaje da ɗaruruwan ɗalibai masu farar riga, har yau da ido ake auna ruwan shansa.

Na san inda yawancinmu muka samo wannan ma'auni. Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, kuma yana nan daram a wurinsa. Amma ba wani malami da ya taɓa cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba zai ɗauki kwalara ba. Mu ne muka gwama biyun, saboda hakan ya fi mana sauƙi.

Bari mu fara da rijiyar tsakar gida, tun da ita ce ta fi yawa a unguwannin da ɗalibai ke zaune. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsaftar muhalli suka fi bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai ko sokawe da rijiya, kuma gindin ramin masan ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake. To 'yan sashen safiyo, ku ɗauko kalkuleta. Fuloti mai ƙafa 50 da 50, kowane gefe mita 15 ne da 'yan kai. Ko da ka haƙa rijiya a wannan kusurwa ka kai masai can kusurwar da ke kallonta, tazarar ba ta kai mita 22 ba. Wato a irin wannan fuloti ba yadda za a yi a cika ƙa'ida. A fuloti mai 50 da 100 kusurwa zuwa kusurwa kusan mita 34 ne, ya isa da ƙyar, amma fa sai idan an yi shawara da maƙwabci. Wa yake shawara da maƙwabci? Kai ka nisanta rijiyarka da masanka, shi kuma ya haƙa nasa a jikin katangarku, taku biyar daga inda kake ɗiban ruwan sha. Katanga tana raba gidaje ne a sama. A ƙarƙashin ƙasa unguwar gaba ɗaya gida ɗaya ce.

Da rani abin yana ɗan lafawa, don ruwan ƙasa ya yi nisa. Damina tana sauka sai ya taso, ya haɗu da abin da ke cikin ramuka. Ga kwata ta cika ta tumbatsa, ga rijiyar ba ta da ginin baki mai tsawo, ba murfi, ruwan sama ya share kashin awaki da na kaji ya zuba ciki. Ga guga yashe a ƙasa, igiyarsa cikin laka, wani ya fito daga bayan gida ya ɗauka ya zura. Duk wannan yana faruwa, kuma ka jawo ruwan ka gan shi garau.

Wannan ba sabon labari ba ne a duniya. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi, ya zana su a taswira, sai ya ga sun kewaye famfo guda a titin Broad Street. Mutanen unguwar suna yabon ruwan famfon nan. Har akwai wata dattijuwa da ta ƙaura nesa amma take sa a ɗebo mata shi saboda daɗinsa, ita ma kwalarar ta kashe ta. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin bayan gida bai kai mita 1 ba daga rijiyar. Shekara 170 ke nan da wani abu, amma idan ka ɗauko wannan taswirar ka ɗora a kan wasu layukan garin nan, sunan titi kawai za ka canza.

Ba sai mun je Ingila ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, kuma 3,604 suka rasu. Jihohi 4 kacal, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, su suka ɗauki fiye da rabin adadin. A wannan shekarar kwalara ta fi korona kisa a ƙasar nan, amma ka tuna wacce ce aka rufe makarantu dominta, aka ajiye bokitin wanke hannu a ƙofar kowane ofis.

Kwalara dai tana zuwa da ƙara, a ji ta a rediyo. Wadda ta zauna da mu shiru ita ce taifod. Wane ne a cikinmu bai sha maganinta ba, ko bai raka abokin ɗaki kemis ba a samistar da ta wuce? Har ta zama kamar kuɗin rajista, "malariya da taifod", a haɗa maka magani a leda ka dawo. Mu faɗe ta da Hausa ba kwana-kwana: wanda ya kamu da taifod ya ci ko ya sha abin da bayan gidan wani mutum ya taɓa. Ba iska ce ke kawo ta ba, ba rana ba, ba wahalar jarrabawa ba. Sai mu kashe kuɗin abincin sati biyu a magani, mu haɗiye ƙwayar da ruwan da ya kwantar da mu.

Wani zai ce shi ba ruwansa da rijiya, daga burtsatse ake kawo masa. To a nan ma akwai magana biyu, ta hanya da ta asali.

Ta hanya ita ce abin da ke samun ruwa tsakanin bakin famfo da bakinka. A binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, an gwada ruwan sha ana neman E. coli, ƙwayar da ke nuna cewa bayan gida ya taɓa ruwa. Ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. A wurin ɗiba an same ta a ruwan sama da kashi 70 cikin 100 na jama'a. A ruwan da ke cikin gida, wanda ake miƙa wa mutum ya sha, kusan kashi 90. Ka ga ke nan akwai ruwan da ya taso lafiya ya lalace a hannunmu. Jarkar ɗan garuwa, ka taɓa haska cikinta da fitilar waya? Gansakuka ce kore shar. Ban ga laifinsa ba sosai, bawan Allah yana tura kura mai jarka 10 ko 12 cikin rana, ba wanda ya taɓa ba shi abin wanke su, ba wanda zai ƙara masa ko naira 10 don ya wanke. Sai randa ko durom a gida, da moɗa guda da kowa ke tsomawa har wuyan hannu, yaro da babba, mai mura da mai gudawa. Fiya wata ma da muke gudu wurinsa, ko da na kirki ne mai lambar NAFDAC ta gaske, ledar ta kwana a ƙasan shago, ta bi hannu biyar, mu kuma da haƙori muke farke ta.

Ta asali ta fi ban tsoro, kuma ita ce dalilin da ya sa na daina yarda cewa zurfi shi ne lafiya. Garin Tibiri na Gobir yana kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ƙaramin gari ne na Hausawa 'yan uwanmu. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ci gaba ne, kowa ya yi murna, an huta da ruwan tafki. Ruwa garau, ba wari, ba gudawa. Aka yi ta sha kusan shekara 15. Sai yaran da suka taso da wannan ruwa haƙoransu suka rine suka yi ja, ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu tafiya ta gagare su. Da aka gwada sai aka tarar da sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri kuwa ya ninka haka sau 3 ko fiye. Ɗaruruwan yara suka nakasa, nakasar da ba ta warkewa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ba wanda ya zuba guba a rijiyar nan. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin yake narkewa. Gwajin da zai nuna shi ba ya cin yini guda, amma yara suka shekara 15 suna zama abin gwajin.

A ƙasar nan ma akwai wuraren da aka sani da wannan matsala, irin su Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato. Idan ka ga abokin karatunka daga irin waɗannan wurare da jajayen haƙora, kar ka yi masa tsiyar goro ko rashin asuwaki. Ruwan da ya sha yana yaro ne.

Sai dalma, wadda ita ba ma sai ta bi ta ruwa ba, tsakar gida ta ishe ta. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro ya yi ta amai, ya sanƙare, ya tafi. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe zinariya ce ta yi tsada, magidanta suna kawo duwatsun ma'adini cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a wanke a bakin tafki da rijiya. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurarta ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai 2013. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Iyayen nan ba sakarkaru ba ne, neman abinci suke yi, kuma ƙura ce irin wadda suka saba sharewa kowace safiya.

Za ka ce mu ba ma haƙar zinariya a nan. Haka ne. Amma muna da masu fasa tsohon batirin mota a cikin unguwa, ruwan batirin yana kwarara a ƙasa kusa da rijiyoyi. Muna kuma da kwalli. 'Yan uwa mata, ku yi haƙuri da ni, kwallin dutse da ake niƙawa sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, kuma da aka gwada kwallin da ake sa masa, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, ko kaɗan ce, kuma abin da ta rage ba ya dawowa.

Abin da ya sa na dage a kan gwaji shi ne kowane maƙiyi da makaminsa, kuma mu makami ɗaya muka sani. Alam, wanda wasu ke kira alif, aikinsa ya tattara laka ta kwanta. Ƙwayar zogale da aka daka ma haka take yi. Suna sa ruwa ya yi kyan gani, suna rage datti, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba, sai ma su ƙara wa ido ƙarfin yaudararmu. Tafasawa tana kashe su, idan ruwan ya tafasa sosai na minti 1. Kulorin irin WaterGuard ko Aquatabs ma yana kashe yawancinsu, idan an bi ma'aunin da ke jikinsa aka jira minti 30, kuma ya fi tafasawa da abu ɗaya, yana ci gaba da gadin ruwan a cikin randa. Wanda ba shi da ko sisi zai iya cika farar gorar roba da ruwa marar laka ya shanya ta a rana mai ƙarfi awa 6. Amma duk cikin waɗannan ba wanda yake cire dalma, ko fuloraid, ko sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga masai da takin zamani, wanda idan ya haura miligiram 50 a lita yake da haɗari ga jarirai. Tafasa irin wannan ruwa ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwan ne ke tashi tururi, gubar tana nan. Uwa za ta ƙona itace ta tafasa wa jaririnta ruwa da kyakkyawar niyya, alhali ba wannan ce matsalar rijiyarta ba. Ta ina za ta sani idan ba a gwada ba?

Iskar ɗaki ma haka take. Janareta da kaskon gawayi suna fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Hayaƙin da kake gani kana tari daban, ita wannan ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Ba ta shaƙe mutum ya farka yana kokawa. Ciwon kai take sawa, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, duk abubuwan da za ka ce gajiya ce ko malariya, ka ƙara jan bargo. Shi ya sa lokaci zuwa lokaci muke jin an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki, a yi ta cewa guba ce a abinci, ko sammu, ko aljanu, alhali inji yana nan a baranda man ya ƙare. A gidajen haya na ɗalibai mun san yadda ake yi. Tsoron ɓarayi ya sa ake shigo da janareta zaure ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, a kulle ƙofa, ana karatun jarrabawa. Ƙa'ida ita ce ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A saya masa sarƙa da kwaɗo, ko a yi masa keji. Da hunturu kuma a daina kwana da kaskon wuta a ɗakin da aka toshe tagarsa da kwali. Idan duk 'yan ɗaki suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma ya sassauta da suka fita waje, kar a nufi kemis tukuna, a duba abin da ke ci a kusa.

Gas ɗin girki shi ma asalinsa ba shi da wari. Da gangan kamfanoni ke zuba masa wannan ɗoyin don hanci ya kama shi, wato dai wasu sun zauna sun yarda cewa abin da ba a ji sai an yi masa ƙararrawa. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda katifarmu take. Idan ka ji warin, ka rufe kan tukunyar, ka buɗe ƙofa da taga, kar ka taɓa makunnin wuta ko don kashewa. Sauran kuwa kowa ya sani, sakaci ne kawai: ota-piya-piya a gorar ruwa, kalanzir a kwalbar lemo, fetur a jarka a bayan ƙofa, rijiya buɗe a gidan da ke da masu rarrafe. NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa tun 2019, amma leƙa ƙarƙashin gadon ɗalibai ka gani.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a majalisa. Ta farko, kakanninmu sun sha ruwan rijiya da na tafki sun yi shekara 90. Gaskiya ne, waɗanda suka rayu. Je ka tambayi kakarka 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma. Kuma a zamaninsu gari bai cushe haka ba, rijiya tana bakin gari ko dandali, ba a jikin masan gida 4 ba, ba batiri, ba janareta. Ta biyu, talauci. Wannan ina girmama ta, don na san kuɗin cika gas, na san wanda ke auna gawayi da ƙyar ba zai tafasa ruwan gida guda kullum ba. Amma rataye guga a ƙusa ba ya cin kuɗi, murfin rijiya na katako da kwaɗo bai kai kuɗin kwanciya asibiti na dare ɗaya ba, bokiti mai kan famfo a madadin moɗa sau ɗaya ake saye. Ta uku, aikin gwamnati ne. Wallahi aikinta ne, kuma ba na yafe mata. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda idan ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa. Ya kamata a ce yana nan da ƙarfinsa, da kayan gwaji a jaka. Amma kafin ya dawo mu ne muke sha.

Masu cewa ba abin da zai canza, ku tuna kurkunu. A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da sababbin rijiyoyi, da 'yan sa-kai a ƙauyuka aka yaƙe ta, Janar Yakubu Gowon yana bin gari-gari tare da cibiyar Carter. An ga ta ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Yawancinmu ba mu taɓa ganin mai kurkunu ba. Mutanen da suka yi wannan aiki a ƙauyuka da yawansu ba su da difloma.

Mu da muke da ita fa? A nan ne abin yake ci mini rai. Kowace shekara ana rubuta furojet a kan ingancin ruwan rijiyoyin unguwa kaza da unguwa kaza. A je a yi sallama, a roƙi matar gida ta ba da ruwa a kwalba, a kawo lab, a shuka, a ƙirga, a sami E. coli, a zana tebur, a kare a gaban malamai, a sami maki, a ɗaure da bango mai ruwan zinariya, a jera a kanta. Matar da ta ba da ruwan ba ta taɓa jin sakamako ba. Har gobe da shi take dama wa yaranta kunu. Mun san abin da ke cikin rijiyarta, ita ba ta sani ba, kuma mun ci maki da ita. Ni ban san sunan da za a ba wannan ba in ban da rashin amana.

Don haka ga abin da nake nema daga ƙungiyar ɗalibai, musamman ofishin walwala. A tattara sunayen gidajen da ɗalibai ke haya da inda kowanne ke samun ruwa. A nemi izinin shugabannin sassan SLT da injiniyan gine-gine da safiyo, a haɗa ɗalibansu su gwada waɗannan rijiyoyi da burtsatse sau 2 a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar damina, a lissafa musu shi cikin aikin furojet. Gwajin farko ba shi da tsada. Akwai 'yar kwalba mai sinadari da ake zuba wa ruwa a ajiye kwana 1 ko 2, idan ya yi baƙi alama ce ta ƙazantar bayan gida, sai a tabbatar a lab. Wannan gwaji ma yana da wani amfani, mai gida zai gani da idonsa, tun da ido muka yarda da shi. Na dalma yana buƙatar na'ura mai tsada, sai a zaɓi wuraren da ke kusa da masu fasa batiri a aika samfurinsu jami'a. 'Yan safiyo su auna tazarar masai da rijiya, su sa a taswira, kamar yadda likitan nan na Landan ya yi. Masu zagayen su duba inda janareta ke kwana da halin tiyon gas, tun da sun riga sun shiga gidan.

Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa, a takarda guda, a mayar wa mai rijiya hannu da hannu tare da abin da zai yi. Kar a fara da Facebook. Idan aka tona asirin dattijo a intanet, abin da zai biyo baya shi ne takardar tashi ga ɗaliban da ke gidansa, rijiyar kuma tana nan yadda take. A bi ta wurin mai unguwa da hakimi da limamai da fastoci, a nuna musu cewa jikokinsu ne suka fi mu shan ruwan, mu baƙi ne na shekara 2. Gidan da ya gyara, ya ɗaga bakin rijiya, ya yi murfi, ya yi wa inji wuri a waje, ƙungiya ta sa shi cikin jerin da za a ba sababbin ɗalibai ranar da ake yi musu bayanin makaranta. Masu gidaje suna jin yaren kuɗin haya fiye da kowane yare, idan suka ga ɗakunan maƙwabci sun cika nasu a buɗe, da kansu za su zo neman a gwada musu.

Kuɗin fa? Kowannenmu yana biyan kuɗin ƙungiya a rajista, kuma duk mun ga abin da makon ɗalibai ke ci, riguna da makaɗa da kujerun haya. A rage dare ɗaya. Mu 'yan shekarar ƙarshe saura mana 'yan watanni, don haka 'yan ND I ne za su riƙe aikin, kuma ya kamata a sa su tun yanzu a zagayen farko. Samfurin rani sai an ɗebe shi kafin ruwan farko ya sauka, in ba haka ba babu abin da za a gwada na Agusta da shi.